Tsohuwar mage da sabon kare a gida ɗaya

Magena Fara ta haura shekara 12, kuma ba ta taɓa zama da kare ba sai da Duna ya zo, kwikwiyo mai rawar kai wanda duk abin da ya motsa sai ya bi shi a guje. Masu zuwa gidana kan tambaye ni ko sun zama abokai. Ni tun farko ba abota na nema musu ba. Abin da ya dame ni shi ne kada Fara ta rasa gidanta: ta ci abincinta a natse, ta yi barci inda ta saba, ta je bahaya ba tare da wani ya tare mata hanya ba.

Shekarunta ne suka sa na ɗauki abin da muhimmanci. Daga wajen shekara 10 zuwa 11 likitocin dabbobi ke sa mage a sahun tsofaffi, kuma ciwon gaɓoɓi ya zama ruwan dare a wannan shekarun. Matashiyar mage in kare ya matsa mata, tsalle ɗaya ta hau saman kabad, magana ta ƙare. Fara kuwa sai ta tsaya ta auna kujera kafin ta hau. Wadda ba ta da mafita ta sama, ko dai ta shige ƙarƙashin gado ta wuni, ko ta kai farce, farcen mage kuma yana iya raunata idon kare.

Don haka kafin su ga juna na ware mata ɗakin da ta fi so, da abincinta da ruwanta da tiren yashin da take bahaya a ciki, ƙofa a rufe. Na jera mata akwati da kujera da tebur kamar matakala, yadda za ta kai taga ba sai ta yi dogon tsalle ba. Duna ne baƙo, shi aka taƙaita wa yawo a sauran gidan.

Gabatarwar farko ta hanci ce. Mage da ƙamshi take gane wurinta, shi ya sa take goga kumatunta a jikin ƙofa da ƙafar mutum, akwai sinadarin da take bari a wurin. Nakan shafa tsumma a jikin Duna in ajiye nesa kaɗan da inda take kwanciya, in kai masa nata shi ma. Da fari huci ta yi wa tsumman ta bar wurin. Ban matsa mata ba. Ranar da na ga ta shinshina shi ta wuce abinta, sai na fara ba su abinci lokaci guda, ita a ciki shi a waje, ƙofa a tsakaninsu. Daga baya na sa shingen nan mai sanduna da ake tare yara da shi, suna ganin juna amma ba mai iya taɓa wani.

Babban aikin a kan kare yake, a nan ne nake ganin mutane da yawa suke juya lamarin. Ba a koya wa tsohuwar mage haƙuri, kare ake koya wa ya zauna in an ce zauna, ya kuma kau da kai in an kira sunansa. Duk haɗuwarsu ta farko Duna yana ɗaure da igiya a hannuna, bayan ya yi gudu a waje ya gaji. In ya kalli Fara sannan ya waiwayo gare ni, sai ya samu lada. In ya ƙura mata ido, jikinsa ya sandare, sai in janye shi, zaman ranar ya ƙare ke nan. Gudun mage shi ke tayar wa kare da sha'awar farauta, in kuma ya kore ta sau ɗaya ya ji daɗi, gobe ma zai nema. Ga rashin fahimtar juna: shi in ya kaɗa wutsiya yawanci wasa yake so, ita in ta kaɗa tata ranta ne a ɓace.

Tiren yashi da kwanon abinci sai da na sa su inda bakinsa ba ya kaiwa. Kare yana son abincin mage, kuma (ku yi haƙuri da zancen) yana cin kashinta ma. Mage in ana damun ta a tire, tana iya ƙaurace masa ta koma yi a kan shimfiɗa.

Abu biyu nake sa wa ido kullum. Na farko ci: mage in ta ƙi abinci na 'yan kwanaki, kitse kan taru a hantarta, ciwo ne mai kisa, don haka in ta wuni ta kwana ba ta ci ba, sai wurin likita. Na biyu fitsari. Damuwa tana iya kumbura mafitsarar mage, a ga tana zarya zuwa tire, fitsari kaɗan-kaɗan, wani lokaci da jini. A muzuru abin ya fi haɗari, domin hanyar fitsarinsa na iya toshewa gaba ɗaya, wannan ba a jira gari ya waye.

An ɗauki watanni kafin Fara ta fara ratsa falo Duna yana kwance. Yanzu zaman 'yan marina suke yi, kowa da inda ya sa gabansa. In ya kawo hanci kusa ta kan yi masa huci, shi kuma ya ja da baya, ba na tsawata mata. Har yau in zan fita, ko in dare ya yi, ɗakinta a rufe yake daga gefensa, da 'yar kafa a ƙasan shingen wadda ita kaɗai ke iya bi.