Na raba kyautar hidimar al'umma, na tsallake wanda ya fi kowa

Har yau rajistar makara ta wancan zangon tana cikin durowata. Ban yar ba, ban kuma mayar da ita ofis ba. Duk jan layin da ke gaban sunan yaron nan da hannuna na ja shi, kuma a daidai lokacin ni ne malamin da aka ɗora wa alhakin zaburar da ɗalibai su riƙa yi wa al'umma hidima.

Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce a wata unguwa cikin Kano, ɓangaren maza daban, na mata daban. Abin da ya tsaya mini a rai tun farko shi ne yadda yaranmu suka ɗauki tsintsiya a matsayin hukunci. Wanda ya makara shara, wanda ya yi surutu wankin banɗaki, wanda bai yi aikin gida ba cirar ciyawa. Mu ma haka muka taso. Ko tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, da ake hana zirga-zirga daga bakwai zuwa goma na safe, tushenta yana cikin yaƙi da rashin ɗa'a da gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar a 1984, kuma waɗanda suka ga zamanin bulalar soja da tsallen kwaɗo suka fi tunawa. Alhali iyayenmu aikin gayya suka sani: a taru a nome gonar mara lafiya, a yaɓe masallaci kafin damina ta faɗi, ana kiɗa ana shan fura. Wannan nake so in dawo wa yarana da shi.

Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo mana shi ya nuna mini katin da ake sa musu hannu duk mako idan sun fita aikin raya al'umma. Shi ya kuma ba ni labarin lambar yabo ta Duke na Edinbara da aka fara a Ingila a 1956, mai matakai uku, tagulla da azurfa da zinare, inda matashi ke da littafin da wani babba ke rubuta shaidar aikinsa. Abin ya burge ni. Na je aka buga mini kati mai gida huɗu: rana, aiki, awa nawa, sa hannun malami ko mai unguwa. Sai na ƙara nawa sharaɗin, wanda babu wanda ya ba ni shawararsa: a haɗa da hoto. Ƙungiyar iyaye da malamai ta yi alkawarin keke ga wanda ya fi tara awoyi, na biyu da na uku jakar makaranta da ƙamus.

An yashe kwata, an dasa darbejiya a bakin titi, an yi wa masallacin unguwa fenti, an kai ziyara asibiti. Wannan duk ya tafi yadda ake so, ba zan tsaya a kansa ba.

Alamun ɓaraka sun fito tun da wuri, ni ne na kau da kai. Kafin yaro ya ɗauki shebur sai ya tambaya, "Malam, awa nawa za a rubuta mana?" Baro ɗaya sai a yi layi a kansa, kowa ya riƙe a ɗauke shi a waya. Katunan 'yan mata kusan fanko suke, don babu uban da zai bar 'yarsa budurwa ta shiga kwata a bakin titi, ni kuma na fassara abin da cewa ba su da himma. Akwai hoton da har gobe ke ƙona mini rai: yara uku sun kai wa wata tsohuwa ledar shinkafa, sun tsaya suna murmushi, ita kuma ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Na ga mayafin nan da idona, amma na manna hoton a allon sanarwa.

Malamin addinin makarantar, dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, ya tare ni a ɗakin malamai ya ce, "Malam, ina jin tsoron kada mu koya wa yaran nan riya da hannunmu." Na kawo masa ayar Suratul Baƙara, ta 271, cewa idan kun bayyana sadaka to madalla da ita. Ya ce, "Ƙarasa mana." Na san ƙarshenta sarai: in kun ɓoye kuka bai wa matalauta, shi ya fi muku alheri. Na ce yara ne, sai da ɗan kwaɗayi. Ya yi shiru bai ja ba.

Yanzu ga yaron. Ɗan aji biyar ne, shiru-shiru, kullum sai an watse daga asambuli yake isowa, ƙafar wandonsa a jiƙe. In na tambaye shi sai ya ce, "Malam, ruwa na ɗebo." Duk wanda ya taɓa tsaron get ya san babu makararren da ba ya faɗin haka, musamman da bazara. Sai in sa shi durƙuso, in miƙa masa tsintsiya, wato abin nan da na ce na zo in kawar. Katinsa kuwa ko layi ɗaya babu. Wata Litinin raina ya ɓaci, na ɗaga katin a gaban 'yan ajinsu na ce, "Ga 'yan'uwanka suna yi wa unguwa aiki, kai ko kanka ka kasa yi wa." Aka yi dariya. Ya sunkuyar da kai. Na ce in ya sake makara zan kore shi sati biyu.

Bai sake ba. Na lissafa wannan cikin nasarorina. Da aka fara kawo mini ƙarar yana barci a aji, na ce ai dama ragon yaro ne. Da sakamakon zango na biyu ya fito ya faɗi lissafi da kimiyya, darussan da a baya yake ci ba wahala, ban tsaya na haɗa wannan da wancan ba.

Ranar rabon kyaututtuka aka kafa rumfa, aka kira na ɗaya ya tura kekensa ana tafi. Bayan an tashi, ina raka mai unguwa wajen mota, sai ya riƙe hannuna.

"Malam, aiki ya yi kyau, Allah ya saka da alheri. Amma ban ji an kira yaron nan na bayan masallaci ba."

Da ya kwatanta shi, gabana ya faɗi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai shi ko katinsa bai cika ba."

Ya dube ni ya ce akwai wani dattijo maƙwabcinsu, tsohon tela, da ɓarin jikinsa ya shanye shekara biyu ke nan. 'Ya'yansa ba sa kusa, matarsa ita ma ƙarfinta ya ƙare. Ba dangin iya ba na baba, amma yaron nan ne kullum bayan asuba yake kama layi a famfon tuƙa-tuƙa ya cika musu jarkoki, ya ɗaga tsohon, ya wanke shi, ya sauya masa kaya, ya fito da shi zaure, sannan ya sa kayan makaranta ya kama hanya. "Da kuka matsa masa a kan makara," in ji shi, "sai ya koma tashi tun kafin kiran sallar farko don ya riga mutane layi."

Na ce, "Bai taɓa kawo maka kati ba?"

"Haba Malam. Wa zai kawo kati a sa masa hannu a kan ya wanke wa dattijo najasa?" Sannan ya ƙara da abin da ya ƙarasa karya ni: "Su kuwa masu kawowa, duk wanda ya kawo ina sa hannu. Ba zan ƙaryata ɗan mutane a kan awa biyu ba."

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Jiƙaƙƙiyar ƙafar wandon nan ta yi ta dawo mini. Gaskiya yake faɗa mini kullum, a taƙaice, ni kuma ban taɓa ƙara tambaya ɗaya ba: wa kake ɗebo wa?

Da safe saura kaɗan in tafka kuskure na biyu. Na shirya in je wa shugaban makaranta a sayi wani keken, a tara asambuli na musamman, a ba da labarin yaron daga farko har ƙarshe. Allah ya sa na fara kiransa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, don Allah kada a kira sunana. In aka faɗa, duk unguwa za su san wani ne yake wanke Baba. Zai ji kunya."

Ni da na yi wata tara ina tsara yadda za a yaba wa masu taimako, ko sau ɗaya ban yi tunanin mutuncin wanda ake taimaka wa ba. Sai a lokacin na gane abin da mayafin tsohuwar nan yake faɗa. Kafin a tashi ranar na cire hoton daga allo.

Na roƙe shi ya kai ni in gaida dattijon, a matsayin malaminsa kawai. Ranar Asabar na je da sassafe. Zaure ne ƙarami, tabarma a shimfiɗe, butar roba da kwanon koko a gefe. Na ga yadda ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin hammatar tsohon, ya ce, "Baba, bismillah," ya jira sai da tsohon ya dafa kafaɗarsa da hannun mai lafiya sannan ya miƙe da shi a hankali. Ya gyara masa hula, ya tura matashi a ɓarin da ba ya motsi. Bakin tsohon a karkace yake, magana ba ta fita sosai, amma na ji "Allah ya yi maka albarka" sau uku kafin in fito.

Ranar Litinin na shiga ajinsu na ce maganar da na faɗa wa wane a gabanku kuskure ce, na zalunce shi, ina neman gafararsa. Ban faɗi dalili ba. A gaban mutane na ci masa fuska, a gabansu ya kamata in janye, amma sirrin ba nawa ba ne.

Shekarar da ta biyo baya na yage tsarin. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da na koma na karanta tsarin Turawan nan da na ce na kwaikwaya, ashe su ba tarin awoyi suke dubawa ba, ɗorewa suke dubawa: a matakin tagulla, kamar awa ɗaya duk mako na tsawon aƙalla wata uku, kuma matashin ne ke zaɓar aikinsa. Na ɗauko katin na bar ma'anar. Ba ma sai na je Ingila ba, hadisin da Nana A'isha ta ruwaito yana cikin littafin da muke koyar da yaran: aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Don haka yanzu babu gidan awa, babu hoton wanda aka taimaka wa, ko da ya ce ya yarda, don mabuƙaci ba ya iya ce wa mai ba shi a'a. Ba yaro ke kawo shaidar kansa ba. Mu ke fita mu tambaya: liman, mai unguwa, malaman Islamiyya, da iyaye mata ta hannun malamanmu mata. Nan ne 'yan matan da na ce ba su da himma suka ba ni kunya. Wata duk yamma tana tara ƙananan yaran layinsu tana koya musu karatu a soro. Wata ta yi arba'in cur tana yi wa maƙwabciyarsu mai jego wanki da girki. Duk suna yi tun kafin in buga kati, katin ne bai da gidan da zai ɗauke su.

Wanda duk zai fara irin wannan a makarantarsa, ina roƙonsa ya fara raba tsintsiya da hukunci. Wannan ya fi komai wuya, don wasu abokan aikina har yau suna ganin na lalata tarbiyya, kuma sai da muka yi ta kai ruwa rana kafin aka yarda makararre ya zauna bayan tashi ya rama darasin da ya rasa maimakon shara. Sannan mai tsaron get ya riƙa ƙara tambaya ta biyu. Da yawa ƙarya za su yi, na sani. Amma a cikinsu akwai mai jiƙaƙƙen wando.

Yabon ma mun sauya masa kama. Ba mu daina yi a fili ba, aikin gayya na aji guda ana shelanta shi a asambuli, yara suna murna, ƙanana suna kwaɗayin shiga. Amma na mutum ɗaya sai an tambaye shi tukuna. In bai so ba, shugaban makaranta ya rubuta wa iyayensa wasiƙa, ko mu je gida mu biyu mu ce mun zo godiya. Na ga uba ya share hawaye da bakin rigarsa a kan wasiƙar da ba ta kai layi goma ba. Keken da muka bayar a bara bai sa kowa hawaye ba.

Shi kuwa yaron, da yardarsa mai unguwa ya samo samari biyu suka karɓi ɗiban ruwan, wankan ne ya ce a bar masa, don Baba ya saba da hannunsa. Malamin lissafi ya ɗauke shi darasin yamma kyauta har ya gama aji shida. A takardar shaidar halayensa na rubuta cewa yaro ne mai riƙon amana da jinƙan na ƙasa da shi, iyakar abin da ya yarda in rubuta ke nan. Sakamakon zango na biyu na aji biyar kuwa yana nan a fayil ɗinsa da jan biro a gaban lissafi da kimiyya. Na tambayi shugaban makaranta ko akwai yadda za a yi da shi, ya ce abin da aka riga aka shigar ya shiga.