Yadda na daina haddar kalmomin Ingilishi

Shekara bakwai na yi ina Ingilishi a lakwal, ina cika kaye da kalmomi, in haddace yau in manta jibi. Ranar da maigidana a kasuwar Dole ya miƙo mini takardar kaya daga Kano ya ce in karanta masa, rabi kawai na iya fitarwa. Abin ya dame ni ƙwarai.

Wani tsohon mushe, wato malamin makaranta, da ke unguwarmu a Birni na kai wa kuka, bayan la'asar. Bai buɗe littafi ba. Ya ce, “Ɗana, hukuma, hukunci, hakimi, hikima, me ya haɗa su?” Na ce ban sani ba, Baba. Ya ce duk saiwa ɗaya ce ta Larabci, harufa uku. Sai ya ɗauki tsinke ya rubuta port a ƙasa, ya ce da Latin ɗauka kenan. Ya ƙara ex a gaba, wato waje: export, fitar da kaya. Im, ciki: import. Trans, ƙetare: transport. Har salular da ke aljihuna, da muke ce wa portable, abin ɗauka ce. Na daɗe ina kallon rubutun nan a cikin yashi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, mu 'yan Damagaram mun riga mun riƙe rabin abin ba mu sani ba. Faransancin da muke karatu da shi a lakwal daga Latin ya fito. A 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a shekaru aru-aru, shi ya sa kalmomin mulki, kotu da ciniki na Ingilishi suke kama da waɗanda muka sani tun firamare. A ganina, da an faɗa wa yara wannan tun ajin farko, da an rage musu wahala.

Yanzu saiwa nake rubutawa a saman shafi, in jera danginta a ƙasa. Scrib, rubutu. Dict, faɗi. Vis, gani, inda visa da television suka fito. Duc kuwa ja ne ko jagora, shi ya buɗe mini product da deduct a takardun kaya.

Sai dai saiwa takan nuna hanya ne kawai. Na taɓa rubuta wa wani dillali a Kano actually ina nufin yanzu, don actuellement ta Faransanci ce a kaina, alhali ma'anar actually “a gaskiya”. Kaya suka yi kwana biyu a Maimujiya, kan iyaka, kafin mu fahimci juna. Library ma ɗakin karatu ce, librairie kuwa shagon sayar da littattafai, ga su saiwa ɗaya. Tun daga ranar, in na yi hasashe da saiwa, sai na duba ƙamus kafin in aika saƙo, musamman in kuɗin mutane ne a ciki.