Kafin ka ƙara wa shuka taki, duba wane ganye ne ya fara rawaya

Ƙannena masu shuka tumatir da barkono da takin gargajiya, ko a fili ko a buhu ko a tukunya, na lura yawancinku da zarar ganye ya canza launi sai ku yanke hukuncin yunwa ce. Ni ma haka na fara, kuma shukokin da na kashe da yawan taki da yawan ruwa sun fi waɗanda yunwa ta kashe mini.

Farkon abin dubawa shi ne a ina matsalar ta ɓullo, a tsofaffin ganyen ƙasa ko a sabon toho na sama. Akwai sinadaran da shuka ke iya kwasowa daga tsohon ganye ta kai wa sabo idan ta rasa su a ƙasa, wato nitrojin, fosfaras, fotasiyam da magnisiyam. Shi ya sa ƙarancinsu ke fara bayyana daga ƙasa. Kalsiyam da sinadarin ƙarfe kuwa inda suka zauna nan suka zauna, don haka toho ne ke fara kokawa idan babu su. Wannan bambanci kaɗai ya rage maka rabin lalube.

Idan ganyen ƙasa ya koma rawaya gaba ɗaya, har da jijiyoyinsa, kuma shukar ta ƙi girma, nitrojin ne ake zargi. Idan jijiyoyin sun tsaya kore shar amma tsakaninsu ya yi rawaya, a tsohon ganye magnisiyam ne, a sabon toho kuma ƙarfe. Gefen ganye ya bushe ya yi ruwan ƙasa tun daga baki, a tuhumi fotasiyam. Idan bayan ganyen ne ya yi shunayya, a tuhumi fosfaras, sai dai a lokacin sanyi saiwa kan kasa ɗaukarsa ko da yana nan, kuma launin kan wuce da kansa idan ƙasa ta ɗumama.

A nan ne na fi shan wahala. Ganye na nuna maka abin da bai iso gare shi ba, amma ba ya gaya maka dalili. Na taɓa ganin tohon barkonona ya yi fari-fari, jijiyoyi kore, na yi ta ƙara taki, abu sai gaba yake yi. Ashe tokar itace da na riƙa barbaɗawa a gindinsa ce ta jawo. Toka na rage tsamin ƙasa, kuma idan pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa da lambarsa ke hawa yayin da tsami ke raguwa, ya haura 7, ƙarfen da ke cikin ƙasa kan ɗaure, saiwa ba ta iya jansa. Tumatir da barkono sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 6.8. Ƙarfe na nan tuli, ni ne na rufe ƙofar. Ƙari kan haka, toka na ɗauke da fotasiyam da kalsiyam, kuma yawansu na hana shuka ɗaukar magnisiyam. Ka samu takardar gwajin pH, ka gwada kafin hannunka ya kai ga toka.

Haka batun dusar katako da busasshiyar ciyawa. Idan ka cakuɗa su cikin ƙasa ba su ruɓe ba, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da su za su kwashe nitrojin ɗin wurin don aikinsu, shukarka ta yi rawaya a cikin ƙasar da kake ganin ka wadata ta. A shimfiɗa su a sama don riƙe laima ba laifi, binne su ɗanye ne matsala. Ɗanyen kashin kaji kuma akasin haka yake yi: ganye ya yi kore mai duhu, bakinsa ya ƙone ya lanƙwashe. Takin da ya nuna ba ya zafi idan ka cusa hannu, ba ya warin fitsari, ƙamshin ƙasa yake yi.

Sai ruwa. Shukar da ruwa ya yi wa yawa kan yi yaushi kamar mai ƙishi, mai ita ya gani ya sake ɗauko bokiti. Saiwa na buƙatar iska, idan ƙasa ta jiƙe sharkaf kullum sai ta shaƙe ta fara ruɓewa, ganyen ƙasa su yi rawaya tamkar ƙarancin nitrojin. Ka cusa yatsa har gaɓa ta biyu, in da laima ka bar ta. In kana shakka, tona gefe a hankali: lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙarfi, ruɓaɓɓiya ruwan ƙasa ce, tana saɓulewa a yatsu, tana wari. Ko baƙin tabon da ke fitowa a gindin 'ya'yan tumatir, wanda ake dangantawa da kalsiyam, galibi ban ruwa marar tsari ne ke kawo shi, yau a cika gobe a manta.

Kada ka yanke hukunci ba ka juya ganyen ba. Ɗigo-ɗigo ƙanana masu haske a samansa, da siririyar yana a bayansa, aikin wasu mitsi-mitsin ƙwari ne dangin gizo-gizo. Ka riƙe farar takarda a ƙasan ganye ka kaɗa shi, za ka ga ƙura tana tafiya. Fararen ƙudaje ƙanana da ke tashi idan ka taɓa shuka sun fi haɗari, don suna yaɗa cutar da ke sa tohon tumatir ya nannaɗe, ya yi rawaya, shukar ta tsumbure. Wannan ba taki ba magani, tuge ta za ka yi tun ba ta harbi sauran ba. Tabo mai ruwan ƙasa da zobba a cikinsa a ganyen ƙasa kuma cuta ce da laima ke haɓakawa. Cire ganyen, ka riƙa zuba ruwa a gindi ba a kan ganye ba.

Takin gargajiya ba ya aiki da sauri irin na zamani, sai ƙwayoyin ƙasa sun narkar da shi tukuna. Saboda haka gyaran da ka yi yau, kada ka nemi sakamakonsa jibi. Ba shi mako ɗaya zuwa biyu. Ka canza abu ɗaya a lokaci guda, domin in ka rage ruwa, ka ƙara taki, ka yi feshi duk a rana ɗaya, ko shukar ta farfaɗo ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin gyara don ka samu abin kwatantawa. Ganyen da ya ƙone ba zai dawo kore ba, don haka sabon toho za ka zuba wa ido. In ganye ɗaya ko biyu ne kawai na can ƙasa suka yi rawaya a shukar da ta girma ta fara 'ya'ya, tsufa ne, tsinke su ka ci gaba da harkarka.