Haruffa masu kauri da karkata: abin da aikin zane ya koya mini

Duk mai zana fosta ko allon talla ya san irin haruffan nan: masu kauri, marasa ƙafafun ado a bakinsu, sun karkata dama kamar mai shirin tashi da gudu. An yi su ne don kanu da tambari, inda ake son ido ya cafke magana cikin daƙiƙa. Shi ya sa suka cika rigunan 'yan wasa da jikin motocin tsere.

Babban abin da aiki ya koya mini shi ne karkata iri biyu ce, kuma ba ɗaya suke ba. Iri na farko, wato rubutun tsutsa na asali, wanda Aldus Manutius ya fara buga littafi da shi a Venis a 1501, daga rubutun hannu ya samo siffarsa, don haka harafi kamar "a" kan canza kama gaba ɗaya. Amma a nau'ikan haruffa irin su Futura, wanda Paul Renner ya fitar a 1927, da Helvetica na 1957, siffar miƙaƙƙen harafin aka riƙe, aka kwantar da shi kaɗan. Ko a hakan ma, ƙwararren mai zana haruffa ba ya barin abin haka nan. Yakan bi harafi ɗaya bayan ɗaya yana gyara lanƙwasa. Idan kuwa manhaja ce kawai ta tura haruffan gefe, saboda ba ka da karkataccen na ainihi a kwamfutarka, to ka dubi "O" da "S" da kyau. Wani ɓangare ya kumbura, wani ya tsuke. A ƙaramin rubutu ba mai lura, amma a fosta mai tsayin mutum aibin a fili yake, kuma kauri na ƙara tona shi.

Sai tazara. Harafi in ya girma, giɓin da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa ma girma yake yi a ido, musamman inda "A" ya haɗu da "V" ko "T". Nan da hannu nake matse su. In aka ƙanƙanta su kuma, ramin cikin "e" da "a" yakan toshe, shi ya sa ba na yarda a rubuta sakin layi da su, ko da mai ba da aikin ya nace.

Barbara Kruger, mai zane 'yar Amurka, ta shahara da Futura mai kauri da karkata, fari a kan ja, bisa hotuna baƙi da fari. Abin da ke burge ni a aikinta ƙarancin kalmomi ne. Masu ba da aiki kan so suna, adireshi da lambar waya duk su fito da wannan ƙarfin. Ni kan ba kanu kaɗai, sauran in sa su cikin siraran haruffa miƙaƙƙu na dangin guda.