Wasiƙa zuwa ga 'yan kasuwarmu na Sakkwato: bashi ne ko jari?

Assalamu alaikum 'yan uwa, iyayena da ƙannena na Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa da Kara, da masu sana'a cikin gida. Ina gaishe ku daga Manchester, garin da kuka sani don ƙwallo, ni ko na san shi don ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Dahwatan kowa lahiya.

Abin da ya sa na ɗauki waya ina wanga dogon rubutu, wani yaro ne ya kira ni makon jiya wai zai haɗa jari da abokinshi su buɗe shagon POS da cajin waya, na ce mai kun rubuta? Ya yi dariya ya ce haba Yaya, tare fa munka tashi. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don kalmar da ni ma na faɗa ke nan a 2019.

Shekarar nan na tura ma wani aminina kuɗin da na tara ina aikin dare a sito, kan ya sayi albasa wajen Wurno da Goronyo lokacin da take araha, a aje, in ta yi tsada a yi lodi zuwa kudu. Ba takarda, ba komi, magana ce ta waya sai mutum biyu da sunka ji. Albasa ta ruɓe fiye da rabi, wadda ta rage ta iske kasuwa ta faɗi. Ni ina cewa ya biya ni kuɗina, shi yana cewa ai kasuwanci munka yi, asara ta kowa ce. Da magana ta kai gaban alƙali ta hannun wakilina, tambaya guda anka yi wadda ta ƙare ni: kuɗin nan bashi ne ko ƙiradi? Don in bashi ne sai ya biya duka ko da albasar ta zama ruwa, amma ba ni da haƙƙin ko sisi na riba. In ko jari ne na ba shi ya juya mu raba riba, to a fiƙihunmu na Malikiyya asara kan mai dukiya take, shi wahalarshi ce ta tahi banza, sai fa in an tabbatar ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi. Ni kuma gaskiya a zuciyata duka biyun nike so, riba in an samu, kuɗina cif in an faɗi, kuma babu shari'ar da ta yarda da haka. Shaidu biyun, guda Allah ya yi mai rasuwa, gudan ya ce bai tuna ba. Dattawa sunka yi sulhu, na samu abin da na samu, amma yau ko gaisuwar sallah ba mu yi.

Abin kunyar ma, ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Muna karanta ta kowane azumi a tafsiri, mu fito mu ba da kayan miliyan da "Allah ya kai mu bayan sallah". Wai kunya. In ka ce ma mutum mu rubuta sai ya ce ba ka yarda da ni ba. Nan da nike ko ɗaki za ka kama sai ka sa hannu, kuma ba wanda ke jin an zage shi.

Sai maganar kai mai bashi wurin 'yan sanda, wanda mun maishe shi al'ada. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta faɗi ƙarara ba a kama mutum don bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, wannan aikin kotu ne. Ka sa an tsare shi kwana biyu, ya samu lauya mai wayo ya kai ƙarar tauye haƙƙi, sai ka ga mai bin bashi ya koma mai biyan diyya. Ceki kuma daban ne, ku kiyaye shi. Ka rubuta ma mutum ceki ka san asusun babu komi, tun dokar 1977 laihi ne mai ɗaurin shekara biyu.

Wanda ya ga gobarar Babbar Kasuwa ta Janairun 2021 ya san ba kaya kaɗai wuta ke ci ba. Littahin bashi, rasiɗai, takardar shago, duk wuri guda muke aje su, cikin durowar shagon. Kuma da yawanmu shagon hannu na biyu ko na uku ne, sunan wani ne a takardar asali, kai dai kana biyan haya da baki. Ranar da anka zo sake rabo ko tallahi sunan da ke rubuce shi za a kira. Ku ɗauki hoton kowace takarda da waya ku tura ma kanku a imel, minti biyar ne.

Rajistar CAC ma, wato hukumar rajistar kasuwanci da kamfanoni, mutane na ɗauka ta manyan Alhazai ce. Akwai rajistar suna kawai, wadda kai da kasuwancin abu guda ne, in bashi ya hau shago har gidanka da motarka ana iya bi. Akwai kamfani mai limited, shi dukiyarshi daban taka daban, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum guda ma na iya buɗe shi, ba sai ka jawo sunan matarka ko ƙanenka don cika lamba ba. Ni inda na fi ganin amfaninta wurin gado ne. 'Yan uwa uku a shagon mahaifi, kowa ya zuba nashi shekara ashirin ba lissahi, tsoho ya rasu, sai a rasa mi ne na gado mi ne na wane, mata da ƙanana su ne ke kwana ciki.

Hajiyoyinmu masu yaji da zoɓo da sabulu, da masu kilishi da ke sa shi a leda da tambari, da zarar kaya ya shiga kwali ya hau kanta a shago maganar lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta taso. Kuma rajistar CAC ba ta kare maki tambari, wannan wata rajista ce daban a ma'aikatar kasuwanci ta tarayya, in wata ta riga ki ita ke da suna ko da ke kika fara. Haraji ba zan ja shi ba, kowa ya zo da riga ya ce ka biya, ka ce ya ba ka rasiɗi mai sunan hukuma, ka aje.

Yaron nan dai na matsa mai sai da sunka zauna gaban limamin unguwarsu, sunka rubuta nawa kowa ya sa, yadda za a raba riba, wa ke ɗaukar asara in an yi transfa ta bogi, da yadda mutum zai fita in ya gaji. Shafi guda ne da biro, ya turo mani hoton jiya da dare. Abokin har yanzu yana ɗan fushi wai ni na zuga shi.

A gaida mutanen gida duka. Duk mai tahowa wajen nan don Allah ya riƙo mani yajin ƙuli, nawa ya ƙare tun watan jiya.

Naku,
ɗan uwanku a Manchester