Daga Mile 12 zuwa Epe a keke, da famfon da ya koma gida ya bar ni

Wata uku kenan da abin nan ya faru amma har yau in na wuce mai faci a bakin titi sai na ji wani abu ya tokare min a ƙirji, kuma ba haushin kowa nake ji ba sai na kaina. Famfo fa, ɗan ƙaramin famfon sa wa tayar keke iska da ke shiga aljihun riga, shi ya ja min asarar wili guda da wuni guda, ga dariyar da har yanzu 'yan kasuwa ba su daina min ba.

Mun daɗe muna shirin tafiyar ni da wani abokina ɗan Katsina da muke harkar gwari tare a kasuwar Mile 12 ta Legas. Shirin shi ne mu bi ta Ikorodu mu kama hanyar Itoikin mu sauka Epe, kusan kilomita 70, mu ci kifi mu huta, sannan mu haye gada mu biyo titin Lekki mu leƙa bakin teku a Eleko kafin mu nemi mota. Ranar Lahadi muka zaɓa saboda ita ce kaɗai ranar da danfo ke ɗaga wa mutum ƙafa da safe. Ana sallame sallar asuba muka hau. Owode Onirin, Majidun, Ogolonto, Agric, duk wannan ba labari, kafin gari ya gama wayewa mun wuce garejin Ikorodu.

Duk wanda ya ce maka Legas shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti to tsakanin Obalende da Lekki yake yawo. Kana barin Ikorodu ta wajen Itamaga da Maya ƙasar za ta fara yi maka hawa da gangara, ba wani dutse ba ne irin na Jos, ƙananan tuddai ne amma ba sa ƙarewa, ka gama wannan ka ɗan saki feda ka ga wani ya miƙe a gabanka, ga iskar nan mai laima wadda gumi ba ya bushewa a jikin mutum ko da sassafe. Ni kuma giyar bayana 11-25 ce, wato haƙori 11 a ƙaramar giya 25 a babba, ta tsere a miƙaƙƙen titi, ba ta da sauƙin hawan tudu, don haka duk hawa a tsaye nake yin sa. Amma fa akwai daɗi, daji kore shar hagu da dama, bishiyoyin kwakwar manja, gonakin rogo, mata sun jera gari da ayaba a bakin hanya, ka manta ma wai a jihar Legas kake.

A Imota, wajen da aka yi katafaren injin casar shinkafar nan da aka buɗe a farkon 2023, waya ta shigo wa mutumina cewa motarsu ta tumatir da ake sa rai sai Litinin ta iso. Wanda ya san gwari ya san ba a barin sa ya jira. Ya ce "Malam, mu juya kawai, wani satin ma rana ce." Na ce haba, na zo har nan, kai dai je ka ni zan ƙarasa. Muka yi musabaha, ya ba ni ragowar dabinonsa, ya ba ni ruwa gora ɗaya, ya juya. Dabino ya ba ni jama'a. Famfon yana maƙale a jikin kekensa ina kallon sa ido da ido kuma bai faɗo min a rai ba, don tun a gida mun raba kaya, shi famfo ni tub da ƙarafan cire taya, wai don kada nauyi ya yi mana yawa. Nauyin me? Wayata ta fi famfon nan nauyi.

Na wuce Agbowa lafiya lau, har ina jin kaina. A wata gangara kafin Itoikin na saki keke yana gudu, wata tifa ta taho ta bayana da hon, na matsa gefe, ashe akwai rami mai kaifin baki a inda kwalta ta gutsure. Ji kake ƙwas, sai fiiii, tayar baya ta zauna. Da na ciro tub ɗin sai ga huji biyu a jere kamar saran maciji, irin wanda ke faruwa in tub ya matse tsakanin rim da bakin rami. Ban damu ba ko kaɗan, na zauna a inuwa na sa sabon tub cikin minti goma har ina ɗan yin fito da baki, na miƙa hannu inda famfo ke zama, sannan na tuna.

Na tura keken nan da takalmin feda mai ƙarfe a ƙasa, ina tafiya ƙwas ƙwas kamar akuya a kan siminti, ya fi minti arba'in kafin na samu mai faci, wani Bayerabe da injinsa na iska a ƙarƙashin bishiya. A nan na gane ashe wahalar ba ta fara ba. Bawul ɗin keken tsere siriri ne, wanda ake kira Presta, mai ɗan noti a kai da ake warwarewa kafin a sa iska. Bakin injin masu faci kuwa an yi shi ne don bawul mai kauri irin na mota da babur da Keke Napep. Ya kafa, iska na fita ta gefe. Ya naɗe da tsumma ya danna, ya naɗe da robar tsohon tub ya danna, yaransa biyu sun riƙe keken, ni na riƙe bawul, duk mun jiƙe da gumi. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gyaɗa da ake ɗaurawa a kan siririn bawul ya koma irin na mota, ina da shi har guda biyu, suna cikin gwangwanin Milo a ɗakina. Kuma ko murfin bawul ɗin na roba in ka yanke kansa da reza yana yin wannan aikin, to ni na zubar da nawa tun ranar da na sayi keken don na ga manyan 'yan tsere ba sa sa shi.

Da ƙyar iskar ta ɗan shiga, na matsa da yatsa na ji ta yi tauri-tauri. A nan na yi kuskure na biyu wanda shi ma ɗan na farkon ne. Taya mai faɗin milimita 25 irin tawa tana son iska wajen 90 a ma'aunin psi, tayar mota ma 30 da 'yan kai take sha, kuma abin da muka samu ko rabin 90 bai kai ba. Akwai wani dattijo mai shayi a gefen, mutumin Sakkwato ne, tun ɗazu yana kallon mu, ya ce "Yaro, wannan tayar ba ta ƙoshi ba, ka hau mota ka huta ma ranka." Na ce "Baba, Epe ce fa kawai, a hankali zan bi." Ya ce "To Allah shi kiyaye," ya ci gaba da fifita wutarsa.

Ban yi kilomita biyar ba bayan mararrabar da hanya ke rabuwa zuwa Ijebu-Ode na sake faɗawa wani ramin, ƙarami ma wanda da iska ta cika ko ji ba zan yi ba. Wannan karon ba tub kaɗai ba, rim ɗin ya lotsa, bakinsa ya lanƙwashe ciki, in ka juya wilin yana gogar birki. Ba tub, ba famfo, ba wili, rana ta take, dabino ya ƙare.

A bayan wata a-kori-kura mai ɗauke da buhunan gari na shiga Epe, ina zaune a kan buhu rungume da keke, hular kwano a kai, yara na nuna ni. Direban ya caje ni kuɗin mutum biyu, wai keke ma fasinja ne, ban ko yi ciniki ba. Kifin da na yi wata ina mafarki ban ci ba, tekun ban gani ba, kuma da na dawo na tambayi kuɗin wili na tokumbo sai da na zauna, ya sayi irin famfon nan ya fi sau goma.

Bayan sati biyar na koma, ni kaɗai, kuma na kai. Na sauya giyar baya zuwa 11-32 mai sauƙin hawan tudu, na sa taya mai faɗin milimita 28 wadda ta fi haƙuri da ramukanmu, tub biyu, kayan faci, famfo a jikin keken, ɗan ƙarfen nan kuma na ɗaure shi a kan bawul ɗin gaba ya zauna can dindindin. Epe kanta gari ne mai tudu, kana gangarowa wajen ruwa za ka hango lagun, wato babban tafkin nan, ta buɗe da kwale-kwale birjik, kasuwar kifi ta Oluwo kuwa mata ne ke riƙe da ita, ga tarwaɗa manya-manya a baho suna motsi, ga jatan lande, ga kifi busasshe an jera. Gari ne na Musulmi sosai, masallaci ba ya wahalar samu, na yi azahar a nan. Titin Lekki bayan gada shimfiɗaɗɗe ne amma ni ban ji daɗinsa ba, iskar teku na dukan ƙirji, ga tireloli da tankoki masu zuwa matatar mai da tashar jiragen ruwa ta Lekki, in za ka bi shi to Lahadi da wuri, kuma da fitila mai ƙyaftawa a baya ko da rana ce. Na tsoma ƙafa a ruwan Eleko wajen la'asar, cinyoyina na rawa.

Duk tafiyar nan ta biyu ko sau ɗaya taya ba ta yi faci ba, famfon ko taɓa shi ban yi ba. Na tsaya wajen Baba mai shayi a hanya, ya gane ni tun daga nesa, bai ce komai ba sai da ya zo ya matsa tayar baya da babban yatsa, sannan ya ce a zuba min shayi.