Daga Kolorado zuwa ga mutanenmu na Legas: a nan cire rufin mol ake yi

Assalamu alaikum 'yan uwa na Agege, Idi-Araba da Mile 12, ya kasuwa, ya fama da gosulo?

A nan Amurka manyan mol ɗin nan masu rufi da AC irin Ikeja City Mall, da yawansu mutuwa suke yi, alhali Amurkawa ne suka ƙirƙiro abin, da mol ɗin Southdale ta jihar Minesota tun 1956. Dama manyan kantuna irin su Sears ne ke jawo jama'a ƙananan shaguna su ci albarkacinsu, to Sears ta karye a 2018, sayayya kuma ta koma waya, sai ka shiga gini ƙato ba kowa sai masu gadi da tsofaffi masu zagayen motsa jiki.

Kusa da mu a Lakewood an yi wata mol mai suna Villa Italia da aka buɗe 1966, da ta mutu rushe ta suka yi, a 2004 aka buɗe Belmar a wurin. Tituna aka yanka, shaguna na kallon titi, gidajen haya a sama, ga sinima ga wuraren cin abinci, da fili a tsakiya wanda in hunturu ya zo yara ke zamiya a kan ƙanƙara. Wallahi kasuwa ce kawai da aka yi wa kwalliya, mai tsire kaɗai ya rage.

Mu kuma a Legas da ba dusar ƙanƙarar da ta kore mu ciki, kasuwar fili muke rushewa muna gina rufaffe, ga kuɗin wuta na Band A, rukunin da ya fi tsada, ga dizal, duk a kan kuɗin haya zai sauka, mai saye ya biya. Kun dai ga kasuwar Tejuosho bayan gobarar 2007, an gina ta fes amma nawa ne cikin masu tebur na da suka iya kama shago? Nan Amurka ma fa ba wai adalci aka yi ba, shagon Belmar ba na ƙaramin ɗan kasuwa ba ne.

Don haka Alhazai shugabannin kasuwa, duk ranar da aka zo muku da zanen gyara, kafin katafila ta iso a rubuta muku kuɗin shago, da inda masu tebur da 'yan dako za su zauna kafin a gama, a sa hannu.

A gaida mutan gida. Naku, daga Denba.